Kukan Zabuwa a Gangara

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda mutanen unguwa suka fi sani da Mai Hayaƙi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ita ce ta buga mini waya. "Baffa" kawai ta ce, na gane. Na faɗa da bakina cewa mu na Allah ne kuma wurinsa za mu koma, amma maganar ba ta isa cikina ba sai da na tsinci kaina a ƙofar gida da takalmi a ƙafa ɗaya.

Yaya, a kwanakin nan mutane sun faɗi alherinka ta fuskoki da yawa, kuma ba su yi ƙari ba. Sun yi maganar sallarka, da zumuncinka, da shekarun da ka yi kana gyaran injinan ban-ruwa ba a taɓa dawo maka da aiki ba. Ni kuwa maganar babura zan yi. Na san da kana nan da ka yi mini dariya, domin duk danginmu babu wanda ya kai ni ƙin baburan nan naka, kuma ban taɓa ɓoye maka ba.

Ga wanda bai sani ba, baburan Yaya ba irin waɗanda suka cika titi yanzu ba ne. Tsofaffi ne masu injin da ake kira mai bugu biyu, waɗanda ba su da wurin zuba baƙin mai daban. A cikin fetur ake gauraya shi, injin ya sha su tare, ya ƙone su tare, ya fitar da shuɗin hayaƙin da ya jawo masa laƙabinsa. An daɗe da daina ƙera irinsu. Ɗaya bayan ɗaya ya tattaro su: wannan a bayan shagon wani mai walda, wancan a ƙarƙashin bishiya inda kaza ta mayar da kujerarsa wurin ƙwai, wani kuma a cikin buhuna aka kawo masa shi, gutsi-gutsi, ya zauna ya haɗa. Har suka kai tara a garejin da ke gefen gidansa, kowanne da sunansa. Akwai Mai Tari, akwai Shuɗiya, akwai Malam Shiru wanda sai ya ga dama yake tashi. Sai kuma Zabuwa, ja ce da launinta ya koɗe, wadda ya saya tun kafin ya yi aure. Kukanta ne ya jawo mata sunan, kuma duk wanda ya taɓa jin zabi sun ruɗe da safe ba zai nemi ƙarin bayani ba.

Har yanzu in na rufe ido ina ganinka a garejin nan. Gwangwanayen madara jere a kan katako, wannan na notuna, wancan na tsofaffin fulogi da ka ƙi zubarwa. Sifanu a rataye a bango, kowanne ka zana siffarsa da alli a bayansa, don in an ara ba a dawo da shi ba bangon ya kai maka ƙara. Sai ɗan kofin nan na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da kake aunin baƙin mai da shi. Kana zubawa a jarka, ka girgiza, ka tsiyaya kaɗan a kwalba ka ɗaga ta wajen haske, ka daɗe kana kallo kamar mai sayen zuma. Duk Asabar da safe kake tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ko za ka hau ko ba za ka hau ba, domin a cewarka in aka bar su a ajiye robobinsu bushewa suke, cikinsu ya cije, shi ke nan an rasa su. Maƙwabta sun yi ƙorafi a farko, daga baya suka saba, har telan da ke kallon gidanka ya ce da kukan baburanka yake sanin mako ya ƙare.

Ka yi ƙoƙarin koya mini hawa ina saurayi, a kan Zabuwa. Abin da ka fara nuna mini ba totur na ƙara wuta ba ne, ba giya ba ce. Hannun hagu ka kama mini, ka ɗora yatsuna biyu a kan kuloci, wanda ke raba inji da taya, ka ce a nan za su zauna har in sauka. Irin wannan inji, in ya rasa mai, yakan cije yana tsakar gudu, tayar baya ta tsaya cak, kuma abin da zai raba mutum da ƙasa shi ne ya ja kuloci kafin ya yi tunani. Na saurara da kunne ɗaya, na hau, na ƙare a cikin kwata. Ka zo da gudu ka ɗaga babur ɗin, ka duba fitilarta, sannan ka waiwayo ka tambaye ni ko na ji ciwo. Shekaru ina yi maka gorin wannan, kai kuma kana cewa ai ka ga ina motsi. Da na yi ritaya daga koyarwa na sayi ɗan babur na zamani mai tashi da maɓalli, ka zagaya shi, ka saurari injin, ka ce Allah ya sanya alheri a wannan keken ɗinkin.

Yatsun nan biyu ba su taɓa barinka ba. Ko shayi kake sha, suna nan a ɗan lanƙwashe a jikin kofin. A asibiti, a kwanakin da ba ka gane masu shiga da fita, hannunka na hagu yana kan bargo, yatsun biyu a ɗage, suna jiran abin da za su ja. Nas ta miƙe su, suka koma. Da muka zo yi maka wanka na sake ganinsu haka. Tun daga ranar in na duba hannuna sai in tuna.

Kyautarka ma ta hanyar babur ta fi fitowa. Akwai shekarar da ruwa ya cinye hanya, motoci suka kasa shigowa unguwa, matar mai gadin makaranta tana kan gwiwa. Kai ka ɗauko ungozoma a bayan Shuɗiya, ka ratsa taɓo da ita, tana riƙe da jakarta tana yi maka faɗa har kuka iso. Yaron da aka haifa a ranar yanzu shi ma yana da iyali. Akwai kuma wani baƙo, direban babbar mota, da ya zo daga nesa yana neman fistin, wani ƙarfen cikin inji, na babur ɗin da mahaifinsa ya bar masa. Ya yi yawon kasuwanni bai samu ba, aka kwatanta masa gidanka. Ba ka da na ajiya. Ka kwance injin Mai Tari a gabansa, ka cire nata ka ba shi, ita kuma ta zauna a lulluɓe tsawon lokaci kafin ka samo mata wani. Da na ce maka wannan ai wauta ce, sai ka ce kai kana da tara, shi kuwa abin da ya rage masa na ubansa ke nan. Amma da wani attajiri mai tara irin waɗannan kaya ya zo da motar ɗauka yana son Zabuwa, shayi ka ba shi, ka nuna masa garejin kaf, ka raka shi har bakin titi da fara'a, motarsa wayam.

Yanzu sai in zo kan abin da ya hana ni sakat, wato maganar matarka, wadda mu duka muke kira Inna.

Gidanka yana ƙarshen wata doguwar gangara da ta fara daga shagon mai magani. Tun ranar da kuka tare a gidan, duk yamma in ka dawo daga aiki a kan Zabuwa, ba ka sakin totur ka bar injin ya riƙe babur kamar yadda kowa yake yi. Kuloci kake ja, ka riƙa murza totur kaɗan-kaɗan, kana ba ta wuta kana saki har ka iso ƙofa. Duk unguwa an san wannan kukan. Na taɓa ce maka wannan burga ce kawai, tsofai-tsofai da kai. Ka yi mini bayani kamar ɗalibi: tunda man yana cikin fetur, in aka rufe totur a gangara taya tana juya injin amma ba abin da ke shigarsa, a bushe yake gudu, kuma haka ake ƙona shi. Inna tana gefe tana tsinke ganye, ta ce in rabu da kai, ƙarya kake, sallama kake yi mata tun daga sama don ta ɗora ruwan shayi. Ka yi dariya ba ka musa ba. Fiye da shekara arba'in kuna wannan gardama, ba wanda ya ci.

A 'yan shekarun nan tunanin Inna ya fara barinta. Da farko sunayen jikoki ne, daga baya har hanyar ɗakin girki. Ni da muka yi rayuwa muna tsokanar juna, tana kirana Ticha ina kiranta matar aro, sai ta koma gaishe ni da ladabi irin na baƙo. Abu ɗaya ne bai goge ba. Da la'asar ta yi sanyi sai ta jawo kujerarta ta roba bakin baranda, ta zauna tana fuskantar gangara, kuma ba ta sa komai a baki sai ta ji ka sauko. Ka daɗe da barin aiki, ba ka da inda za ka, amma kullum sai ka tura Zabuwa ta ƙofar baya, ka zagaya ta layin bayan gida zuwa shagon mai magani, ka tayar da ita a can, ka gangaro kamar wanda ya wuni a waje. Ita kuma ta miƙe ta ce sannu da zuwa, ku zauna ku ci abinci. Ko da ƙirjinka ya fara damunka ba ka fasa ba. Ban taɓa gaya maka ba, amma ban ga soyayyar da ta kai wannan ba.

Da ka rasu an gaya mata. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yi barci, ta farka ta tambaya ko ka dawo. Aka sake gaya mata, ta sake jin labarin sabo, kamar ba ta taɓa jinsa ba. Bayan haka Nas ta hana kowa maimaitawa, ta ce ba za a riƙa kashe mata miji kullum ba. Sai Inna ta koma kujerarta. A kawo abinci ta ce a rufe, baban yara bai dawo ba. A lallashe ta, ta kurɓi ruwa ta ajiye. Ana cikin zaman makoki wata rana muka jiyo kukan inji mai bugu biyu daga saman gangara, kowa ya juya wajen titi. Direban nan ne ya zo gaisuwa a kan babur ɗin mahaifinsa, da fistin ɗinka a ciki. Inna ta ɗaga kai ta saurara, ta ce wannan ba tasu ba ce, ta mayar da kanta.

Kwanaki suna wucewa tana ramewa a gabanmu. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Nas ta san abin da take gani fiye da mu, ita ce ta same ni a gareji ina tsaye ban san abin da nake nema ba. Ta ce in aka ci gaba a haka sai dai a kai ta asibiti a sa mata ƙarin ruwa, kuma ba ta jin Inna za ta dawo daga can. Sannan ta miƙo mini makullin Zabuwa. Na ce mata ba zan iya yaudarar baiwar Allah da muryar mamaci ba.

"Baffa, ba wanda zai ce mata komai," in ji ta. "Ta ji kukan kawai, ta ci abinci. Na rasa uba, kada in rasa uwa a wata ɗaya."

Na karɓi makullin. A kusurwa na tarar da jarkar da ka haɗa da hannunka kafin ka kwanta, ta kusa rabi. Na zuba a tanki. Na tura ta ta ƙofar baya kamar yadda kake yi, na haura layin baya ina haki, na gane irin nauyin da kake turawa kullum da wannan ƙirjin naka. A gaban shagon mai magani na ɗora ƙafa a kan kik, ƙarfen tayar da inji, na buga, gwiwata ta amsa, ita ba ta amsa ba. Na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa mini riga. Can sai ta tashi, hayaƙin ya turnuƙe ni, warin rigarka ne sak. Mai magani ya fito riƙe da ƙwayoyin wani a hannu ya tsaya. A ƙasa na ga tela ya bar kekensa ya leƙo. Ba wanda ya ɗaga mini hannu. Kallon da suke yi ba ni suke yi wa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Na hau, na ɗora yatsu biyu a kan kuloci, wannan dai na tuna. Amma da gangarar ta ja ni, tsoro ya kama ni, na yi abin da na saba yi a kan keken ɗinkina. Na saki totur gaba ɗaya, na taka birki, na bar injin ya riƙe babur. Zabuwa ta riƙa wani irin gunji mai ja, ba irin kukanta ba, har muka kusa gida. Daga nesa na hango Inna ta miƙe tsaye, ta dafa ƙarfen baranda. Ban kai ƙofa ba na ji muryarta, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Ticha, ja kuloci ka ba ta wuta! Za ka ƙona masa ita."

Rabon da ta kira ni da wannan sunan har na manta. Na ja, na tsaya, na kashe injin. Wurin ya yi shiru, sai ƙarfen salansa da ke ɗan ƙara yana hucewa. Ta daɗe tana kallon babur ɗin, sannan ta dube ni, da idon da ya san ni sarai. Ta ce kai, Yaya, ba ka taɓa barin Zabuwa ta sauko da ƙishi ba, ko sau ɗaya. Leɓenta ya riƙa motsi, kamar mai lissafi a zuci.

"Da yana nan da bai ba ka ita ba," ta ce. "Yaushe ne?"

Nas ta durƙusa a gabanta ta faɗa mata ranar. Muka tsaya muna jiran kururuwar da muka sani, ba ta zo ba. Inna ta zauna a hankali, ta yi maka addu'a cikakkiya, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ce a kawo abincin, ba za ka zo ba. Ta ci kaɗan, muna kallonta, Nas tana kuka ba sauti. Abin da bakin mutane ya kasa zaunar mata da shi, kuskurena a gangara ne ya zaunar.

Da zan mayar da Zabuwa gareji ta sake kirana. Ta ce in riƙa zuwa ran Asabar da safe ina tayar da su, kada su mutu su ma. Na ce to. Ta ce amma kada in ƙara saukowa da ita da yamma.

"Yamma tasa ce," in ji ta.

Nas ta gargaɗe ni kada in ɗauka ciwon ya juya baya, kuma gaskiyarta. Washegari Inna ta gaishe ni da ladabin baƙo. Tana neman takalman makarantar 'ya'yan da suka daɗe da haifar nasu 'ya'yan. Amma tana cin abinci, kuma ba ta ƙara cewa a rufe maka naka ba. Ni kuma duk Asabar ina gareji, ina fama da Malam Shiru, maƙwabta suna leƙowa ba mai ƙorafi. Haɗin da ka bari yana ta raguwa a jarka. Ran da ya ƙare dole in ɗauki kofin nan in auna da kaina, in ɗaga kwalba wajen haske, ban kuma san launin da kake nema ba.

Ba na son in faɗi abin da zai sa a ce tsufa ya taɓa ni, amma zan faɗa. In na kai yamma a gidanka, akwai lokacin da rana ke sauka bayan shagon mai magani, titi ya ɗan yi shiru. A daidai lokacin Inna takan tsaya da abin da take yi ta karkata kai wajen gangara, ni ma in tarar na karkata nawa. Ba ma kallon juna. Muna saurare har lokacin ya wuce, sannan ta ci gaba da abin da take yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, ko da ba kullum za ta san wanda ke miƙa ta ba. Ga Nas da ƙannenta da 'ya'yansu. Ga abokan aikinka, da maƙwabtan da suka sha hayaƙinka suka yafe, da duk wanda ka taɓa kwance naka don nasa ya tashi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka, kai ka fi mu sanin halinsa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa nauyin da ya riƙa turawa zuwa saman gangara saboda matarsa ya zama nauyi a ma'aunin alherinsa. Ka rufa wa Inna asiri a sauran kwanakinta, ka kyautata namu ƙarshen. In lokacinta ya yi, ka sada su a Aljanna da hankalinta cikakke, ta gane shi tun daga nesa kamar yadda ta saba. Amin.